Inshorar Magen Inna

Ni ne ɗan farin Inna, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta kallona ido da ido, ba ta aikena, ba ta tambayata inda na wuni. In ƙannena suka shigo sai ta ɓarke da hira da su har da tafa hannu, ni kuwa ina yin sallama sai ta gyara ɗankwali ta hau tsintar wake, ko da babu tsakuwa ko ɗaya a cikin waken. Alkunya ce irin ta mutanen da, kowa ya sani, ni ma na sani. Amma sanin bai taɓa hana ni jin haushi ba.

Da Baba yana da rai, shi ne tsakaninmu. In tana da magana da ni sai ta faɗa masa, shi kuma ya faɗa mini, sau da yawa ma ya ƙara gishirinsa. Bayan rasuwarsa ƙannena mata duk suna ɗakunansu, ƙanena namiji yana birni yana koyon gyaran injin ban-ruwa, gida ya rage daga ni sai matata sai Inna. Matata kuwa suruka ce, ita ma da tata kunyar. Sai gidan ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke.

A nan mage ta shigo. Wata Bafulatana da ke kawo wa Inna nono ce ta kawo ta a cikin ƙwarya, tana 'yar mitsitsiya, fara ce mai baƙin kunne ɗaya. Ni ban so ta ba, gaskiya. Ta taɓa haihuwa a kan rigata ta Juma'a, kuma in na shigo kallon da take yi mini irin na mai gida ne da ɗan haya. Amma wata rana da na dawo daga makarantar da nake koyarwa, na ji Inna ta ce, idonta a kan magen:

"Ke, faɗa wa mutumin naki tuwonsa na nan a rufe, kada ya huce."

Na tsaya ina waige-waige, na ga babu kowa sai ni. Da ƙyar na ce, "Ki ce mata na gode." Na ji kaina kamar wani taɓaɓɓe, ƙato da gemu yana aiken mage. Amma daga ranar hanya ta buɗe. Ta bakin mage na ji cewa hulata ta tsufa, ta bakin mage na ji cewa na rame, ta bakinta aka yi mini faɗa ranar da na ɗaga wa matata murya. Ashe duk shekarun nan Inna tana lissafe da komai nawa, wanda za ta faɗa wa ne babu. Na kai ga in na shigo ban ga magen ba sai gabana ya faɗi, domin ranar babu magana ke nan.

Garinmu yana tsakanin Kura da Bunkure, kanal ɗin ruwa ya bi ta bayan gidanmu. Da rani tumatir muke yi, da damina shinkafa. In aka yi girbi aka cika ɗakunan ajiya da buhuna, sai ɓeraye su sauko garin kamar an gayyace su, har da gafiyoyi masu ƙiba. Mutane kuma sai su sayo shinkafar ɓera, wato gubar da ake cuɗawa da garin kifi a ajiye a lungu. Ɓera ya ci ya fito yana tangaɗi, mage ta same shi a ɓagas ta cinye, ita ma ta bi shi. A shekarar da ta gabaci wadda nake ba da labari, magunan unguwarmu kusan duk haka suka ƙare. Tamu ta tsira ne don Inna ta kulle ta a ɗakinta tun daga ranar da aka fara sussuka har aka kwashe shinkafar aka kai kasuwa, wajen wata biyu. Ta zuba mata yashi a tsohon kasko, tana kwashewa da kanta duk da yanar da ta fara rufe mata ido. Magen ta wuni tana kuka tana yaƙushin ƙyaure, Inna kuma ta wuni tana ba ta haƙuri. Su biyun duk sai da suka rame.

A shekarar da wayar hannu ta fara shigowa garinmu, lokacin da sai mutum ya hau gadar kanal yake samun sabis, ƙungiyarmu ta manoma ta gayyato ma'aikatan wani kamfanin inshora. Maƙwabcinmu mai babban ɗakin ajiya ya yi wa shanunsa biyu na huɗa inshorar, aka maƙala musu lamba a kunne. Matan gidansa suka shigo wa Inna da labari: an yi wa shanun maigida inshora, an rataya musu wani abu a kunne, yanzu ko me ya faru hankalinsa kwance. Ba su yi ƙarya ba. Amma Inna abin da ta ji daban ne. Ita a wurinta abin da ake rataya wa dabba a ce hankali ya kwanta sunansa tsari, irin layar da ake ɗaura wa doki ko ragon layya don baki. Sai ta ɗauka na Nasara ne ya zo, mai ƙarfi kamar allurar rigakafi.

Ana saura 'yan kwanaki a fara yankan shinkafa, ina cin abinci a tsakar gida, Inna ta ɗora magen a cinyarta tana shafa ta. Ta daɗe tana shafawa kafin ta ce:

"Ki ce masa, in da hali, ya yi miki inshorar nan da aka yi wa shanu. Ki ce masa ɗaki ya ishe ki."

Na mayar da lomar cikin kwano. Shekarata talatin da bakwai a lokacin, kuma wannan ne karo na farko da mahaifiyata ta roƙe ni wani abu. Ko sabulu ba ta taɓa cewa in sayo mata ba, sai dai in gani in kawo. Ni malamin makaranta ne, na san inshora ba ta hana mutuwa. Da a nan take na faɗa mata, da an wuce wurin. Amma bakina ya riga hankalina, na ce, "Ki ce mata gobe zan je."

Ma'aikatan suna zama a wani shago a Kura kwana biyu a mako. Wadda na tarar wata mata ce Kirista daga Filato, mijinta yana sayar da kayan feshi a nan Kura, mai fara'a, da tabarau a goshi. Na jira manoma uku suka gama, sannan na matsa kusa na yi ƙasa da murya don kada na bayana su ji.

"Madam, ta mage nake so."

"Ta wa?"

"Mage. Kyanwa."

Ta sauke tabaran a kan hancinta ta dube ni da kyau, ta ga babu alamar wasa a fuskata. Allah ya saka mata, ba ta yi dariya ba. Ta jawo takardu ta shimfiɗa a gabana tana nuna mini da biro: wannan ta amfanin gona ce, wannan ta shanu, wannan ta tumaki da awaki, akwai kuma ta kaji amma sai masu gidan gona. Na bi layukan ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman sunansa a sakamakon jarrabawa, babu mage.

Na ce, "To a rubuta ta a akuya mana. Ƙaramar akuya."

A nan ne ta kasa daurewa ta yi dariya, ni ma na yi ta yaƙe. Ta ce, "Malam, in ta mutu fa za a turo mutum ya duba gawa. Me za ka nuna masa? Bari ma in tambaye ka, nawa ne kuɗinta a kasuwa?"

Na ce ai ba a sayar da mage. Ba ta da kara a kasuwa kamar awaki, kyauta ake ba da ita, malamanmu ma sun hana cin kuɗinta.

"To ka gani. Mu abin da muke yi, in dabba ta mutu mu biya kuɗinta. Abin da ba shi da kuɗi, me za mu biya?"

Ta ce ta taɓa jin cewa a ƙasashen Turawa ana yi wa karnuka da maguna, wai in sun yi ciwo kamfani ya biya asibiti. Na ce to wannan fa, ina ake samunta? Ta buɗe hannu ta ce ko an yi mini, wane asibitin zan kai ta? Sai na kwashe labarin Inna na faɗa mata, abin da ban taɓa faɗa wa ko abokina ba. Ta saurara har na gama, sannan ta zaro takarda ɗaya daga cikin na tumaki da awaki, wadda ba a cika ba, ta miƙo mini.

"Ka kai wa Mama. Ka zauna ka karanta mata, ka yi mata bayani a hankali, za ta gane. Kuma ka ce ta ci gaba da rufe kyanwar."

Tun daga Kura har gida ina kan babur ina shirya bayanin. Na tsara shi tsaf, yadda nake tsara darasi. Ina shiga na tarar da ita a bakin ƙofar ɗakinta, ashe tun azahar take zaune a wurin. Na durƙusa na zaro takardar daga aljihu, ta yi ƙara irin ta sabuwar takarda. Kafin in buɗe baki Inna ta miƙo hannu ta karɓa, ta shafa ta ciki da baya, ta kai ta dab da idonta ta ga koren tambarin da ke sama. Fuskarta ta washe yadda ban taɓa gani ba.

"Kin gani ko?" ta ce wa magen. "Ya samo miki. Na ce miki zai samo. Ki ce masa Allah ya yi masa albarka, Allah ya ba shi masu yi masa."

Duk darasin da na shirya ya bi iska. Albarkar nan na daɗe ina jiranta, kuma da ta zo ban iya mayar da ita ba. Na ce a raina gobe zan yi mata bayani. Washegari na tarar ta ninke takardar ƙanana-ƙanana, ta naɗe ta da zare, ta yanko fata daga tsohuwar jakar Baba ta ɗinke da laluben hannu, ta rataya wa magen a wuya. Yatsanta har da huda biyu na allura. Magen tana ta yawo a tsakar gida da laya kamar 'yar sarki, matan maƙwabta suna leƙowa suna dariya, Inna ko a jikinta.

Matata ta same ni a ɗaki ta ce, "Malam, ka faɗa mata gaskiya. Wallahi buɗe ta za ta yi."

Na hau ta da faɗa, na ce ita me ta sani. Na yi faɗan ne don na san gaskiya ta faɗa.

Ba wai ban gwada ba. Ranar da aka fara sussuka na tsaya a ƙofar Inna na ce wa magen, "Ki ce mata duk da haka a riƙa rufe ki, sai an kwashe shinkafa." Inna ta yi 'yar dariya ta ce, "Ji shi. Ya sha wahala ya samo, kuma shi ne mai tsoro. Ki ce masa shanun maƙwabta a ɗaki ake kulle su?" Na buɗe baki in ce takardar wofi ce, sai na ga yatsan nan da ta ɗaure da tsumma, na haɗiye maganata.

Da na kasa ta nan sai na bi ta waje. Na shiga gida-gida ina roƙon masu ɗakin ajiya su bar sa guba bana, su sa tarko. Wasu suka ce to don su rabu da ni. Maƙwabcinmu mai shanu bai ɓoye mini ba. Ya kama hannuna ya kai ni ɗakin, ya nuna mini buhunan da aka huda, shinkafa ta zube a ƙasa haɗe da kashin ɓera.

"Malam, wahalar damina guda ce wannan. Tarko nawa zan ɗana? Ka ce wa Inna ta rufe abarta kamar bara. Ko ba an ce kun yi mata inshora ba?"

Ya yi dariya, ban ga laifinsa ba. Na sayo tarkuna da kuɗina na rarraba, na riƙa zagaya lungunan unguwa da sanda kafin in tafi makaranta, ina tsintar matattun ɓeraye ina binnewa. Na riƙa sayo kifi ina ɗura wa magen don ta ƙoshi ta bar farauta, ita kuwa ta cinye kifin ta lashe baki ta haura katanga. Wata rana na faki idon Inna na kulle ta a ɗakina, kukanta ya tona mini asiri kafin a yi la'asar. Duk wannan wahalar na sha don gudun jimla ɗaya da ba ta fi kalma biyar ba. Har yau in na tuna sai in ji haushin kaina ya taso mini sabo.

Mako uku muka yi a haka. Ranar wata Asabar ina gona ina gyaran kunyoyin da zan dasa tumatir, wajen hantsi, sai ga matata tafe da sauri, mayafi a karkace. Ba ta taɓa zuwa gonar ba. Tun kafin ta yi magana na ajiye fartanya.

Na tarar da magen a kan tabarmar Inna, jiƙe sharkaf, tana kakkarwa, kumfa tana fita ta bakinta. Dabbar da ta ci guba ruwa take nema, ita ma ta ja jiki zuwa kanal ta zame ta faɗa, wata mai wanki ta tsamo ta. Inna ta riga ta ɗura mata manja, ta ɗura mata nono, duk sun dawo. Tana durƙushe tana goge ta da gefen zanenta tana cewa, "Sannu. Sannu. Ai kina da takarda. Sannu."

Na sa ta a kwandon tumatir na ɗaure a bayan babur na nufi Bunkure, wurin wani mai sayar da maganin dabbobi. Ya leƙa kwandon ya girgiza kai. Ya ce shi na shanu da tumaki yake da shi, ko ya ba ni bai san adadin da za a yi wa mage ba, kuma wannan ta riga ta yi nisa. Na ce ya yi mata ko mene ne. Ya ce, "Malam, in na yi mata allura kuɗinka kawai zan ci." Na tsaya a gaban shagon da kwando a hannu, mutane suna wucewa suna leƙawa, ban san inda zan nufa ba. Birni ya yi nisa, kuma ko na je ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba. Na juyo gida. A kan gadar kanal na ji motsin kwandon ya tsaya, na sauka na duba.

Inna tana nan inda na bar ta. Na ajiye kwandon a gabanta ban ce komai ba, don wadda zan faɗa wa ta faɗa mata ita ce a ciki. Ta sa hannu ta laluba, ta shafa kan, ta shafa baƙin kunnen, ta yi salati a hankali. Sai hannunta ya kai kan layar. Ta matsa ta, ruwa ya ɗigo a tafinta. Ta daɗe tana murza fatar da yatsa.

Sannan ta ɗago kai ta dube ni. Ni, ba katanga ba, ba ƙasa ba.

"Kai," ta ce. "Kada ka sa abin nan a ranka. Kai ka yi naka, ka je har Kura ka samo. Ni ce ban kula ba. Na san rubutu ba ya son ruwa, ga kanal a bayan gida, da na sa an ɗinke ta da fata biyu. Ruwa ne ya shiga ya wanke. Laifina ne, ka ji? Je ka ci abinci, tun safe ba ka ci komai ba."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da mahaifiyata ta taɓa yi mini baki da baki. Na tsaya a gabanta hawaye yana zubo mini, ita tana tsammanin na mage ne. A lokacin ma da na faɗa mata, da ta sauke wannan kayan daga kanta. Na ji tsoron kada ta janye idonta daga kaina, sai na ce, "To, Inna."

Na binne magen a gindin dalbejiyar bayan gida. Kafin in rufe ramin na cire layar na farke ɗinkin da reza. Fatar ce kawai ta jiƙe, Inna ta iya ɗinki, ruwa bai kai ga takardar ba sai gefe ɗaya. Na warware ta a kan gwiwata. Ga tambarin, ga layukan, wurin sunan mai dabba, wurin irin dabba, wurin kuɗinta, duk fari fat yadda aka ba ni. Babu abin da ruwa ya wanke, don babu abin da aka rubuta.

Da damina ta zagayo, Bafulatanar nan ta sake zuwa da wata 'yar mage a ƙwarya, ta ji labari ta kawo don ta faranta wa Inna rai. Ina zaune a tsakar gida, zuciyata har ta fara murna za a sake buɗe hanya. Inna ta shafa ta sau ɗaya ta tura ƙwaryar.

"Mayar da ita, 'yar nan. Kai wa mai ido. Ni an ba ni amanar takarda guda na kasa riƙewa."

Shekara huɗu ta ƙara a duniya bayan wannan. Alkunyarta ta dawo yadda take, ba ta sake dubana ta ce "kai" ba, ni kuma ban taɓa faɗa mata ba. Kullum in na dawo daga makaranta ina tarar da tuwona a rufe a bakin ƙofarta, in ɗauka, in tsaya kaɗan ko za a ce wani abu, sannan in wuce ɗakina.